Za a cire wa yayata mama: ta yaya ake auna haɗarin tiyatar sake gina shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yayata ce ke fama da sankarar mama, shekararta 46. Ta kusa gama allurar kemo, kuma an ce za a cire maman hagu gaba ɗaya. Ciwon ya taɓa ƙaluluwar hammata, don haka likitanta ya ce da wuya a kauce wa gashi bayan tiyata, wato gasa wurin da hasken na'ura don kashe sankara. Wani asibiti a ƙasar waje sun ce za su iya sa mata robar silikon a ranar da aka cire, ko su ɗebo nama daga cikinta su gina mata wani. Tana da ciwon suga, nauyinta ya kai kilo 90, an kuma yi mata tiyatar haihuwa sau biyu. Ita dai ba ta son ta farka ta ga ƙirjinta a shafe. Mu kuma tsoro muke ji. Ta yaya ake gane ko aikin zai zo da matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi.

Bari in fara da inda ra'ayina ya tsaya, sannan in kawo dalilai. Bisa abin da kika bayyana, ba zan ba da shawarar a sa mata robar silikon a ranar da aka cire maman ba. Na fi son a cire ciwon, rauni ya warke da wuri, a yi gashin a kan lokaci, a daidaita sugan, sannan bayan watanni a gina mata da naman jikinta. Ban duba ta da hannuna ba, kuma magana ta ƙarshe tana wurin likitocin da suka ga hotunanta da sakamakon gwajin ƙarin. Amma ina son idan kun zauna da su, ku san abin da ake aunawa, kada a karanto muku lamba ɗaya ku sa hannu.

Idan likita ya ce "haɗarin kaɗan ne", abin da za ki fara tambaya shi ne: haɗarin me? Domin a wannan aiki abubuwa da yawa ne ake tarawa a kira su matsala, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ruwa ya taru a ƙarƙashin fata a zuƙe shi da allura, mace ta koma gida. Akwai bakin ɗinki ya ɗan buɗe a yi ta wanki na mako uku. Akwai jini ya taru da dare a mayar da ita ɗakin tiyata. Akwai kuma babbar, wato aikin ya rushe gaba ɗaya, a cire robar ko naman da aka dasa, a koma inda aka fara, da ƙarin tabo da ƙarin ɓacin rai.

Binciken da muka fi dogara da shi an yi shi ne a cibiyoyi 11 na Amurka da Kanada, aka wallafa a mujallar JAMA Surgery a 2018. An bi mata 2,343 har shekara biyu bayan tiyata. Kusan kashi 33 cikin 100 sun sami wata matsala, babba ko ƙarama. Kashi 19 sai da aka sake yi musu aiki. Kusan kashi 10 raunin ya kamu da ƙwayoyin cuta. Kashi 5 kuma aikin ya rushe. Waɗannan fa manyan asibitoci ne masu kayan aiki da ƙwararru, ba wai inda ake ƙarancin wuta ko jini ba. Duk wanda ya ce muku wannan aiki ba ya zuwa da matsala, bai gaya muku gaskiya ba.

Abin da ya fi amfani a binciken shi ne bambancin hanyoyin biyu. Matan da aka bi da su ta hanyar roba, kimanin kashi 27 ne suka sami matsala. Waɗanda aka ɗebo fata da kitsen ciki aka dasa musu, aikin da muke kira DIEP, kusan rabinsu sun sami wata matsala. Da jin haka sai mutum ya ce ai robar ta fi sauƙi. To amma da aka duba rushewar aiki, na roba ya kai kashi 7, na naman ciki bai kai kashi 2 ba. Dalilin a fili yake. Aikin naman jiki rauni biyu ne, ƙirji da ciki, kuma yana ɗaukar awa shida zuwa takwas, saboda haka ƙananan matsaloli sun fi yawa a farko. Amma nama ne mai rai, jini na gudana a cikinsa, idan ƙwayar cuta ta shiga magani yana isa wurin. Roba kuwa baƙuwa ce a jiki, ba ta da jini. Idan ƙwayoyin cuta suka manne a bayanta suka yi yana, sau da yawa duk allurar da za a yi ba ta kai musu, sai an cire ta. A Birtaniya ma an bi mata 2,108 a asibitoci 81 waɗanda aka sa wa roba a ranar cire mama, aka wallafa sakamakon a 2019. Cikin wata uku kacal, kashi 9 sun rasa robar, kashi 25 an yi musu maganin kamuwa da cuta, kashi 18 an mayar da su ɗakin tiyata.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi a lamarin Yaya, wato gashi. A nan nake son ki ba ni hankalinki sosai, domin idan an san za a yi gashi, lissafin duka yana canjawa.

Gashi yana kashe ragowar ƙwayoyin sankara, kuma ga macen da ciwon ya kai hammata yana rage dawowarsa, yana ƙara tsawon rai. Ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne. Amma yana barin alama a fata da naman ƙirji har abada. Ƙananan jijiyoyin jini suna tsukewa, fata ta rasa laushi da miƙewa, a wasu matan ta koma kamar ƙirgi. Ita kuma roba, duk jikin da aka sa ta yana saƙa mata wata siririyar jaka ya kewaye ta. Wannan ba laifi ba ne, haka jiki yake yi da kowane baƙon abu. Idan gashi ya bi ta kai, jakar tana kauri tana matsewa a hankali cikin watanni. Sai maman ya taurare, ya dunƙule, ya haura sama wajen ƙashin wuya, ya riƙa ciwo ko da kwanciya. A wasu kuma fatar da ta yi siriri ta huje daidai tabon, a hango robar. Idan ta kai haka, cirewa ce kawai.

Waɗancan cibiyoyi na Amurka da Kanada sun ware wannan tambaya sun duba ta daban, suka wallafa a 2018. A matan da ke da roba, matsala ta kai kusan kashi 39 ga waɗanda aka yi wa gashi, kashi 22 ga waɗanda ba a yi wa ba. A masu naman jiki kuwa gashin bai kawo wani bambanci na kirki ba, kashi 26 da kashi 28. Rushewar aiki bayan gashi ta kusa kashi 19 a masu roba, kashi 1 a masu naman jiki. Wato a masu roba kusan mace ɗaya cikin biyar ta rasa abin da aka yi mata cikin shekara biyu. Kuma wannan matsakaicin lissafi ne na mata iri-iri, ba na mai suga da ƙiba ba.

Akwai kuma wata asara da ba ta fitowa a waɗannan alƙaluma, ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ba a fara gashi a kan raunin da bai warke ba. Idan fatar ƙirji ta mutu a gefe ko robar ta kamu da cuta, makonni za su tafi ana wanki da sake ɗinki, sankara kuwa ba ta jiran kowa. A ƙasarmu na'urorin gashi ba su da yawa, ga layi. Macen da ta rasa ranar da aka ba ta saboda rauni bai rufe ba, ba lallai ta sami wata a mako mai zuwa ba. Shi kansa sake gina mama bai sa sankara ta dawo, bai kuma hana a gano ta idan ta dawo, wannan an daɗe da tabbatar da shi. Jinkirta magani ne abin gudu. Don haka duk zaɓin da zai ƙara yiwuwar jinkiri, ni a wurina ya faɗi tun kafin a zo maganar kyau.

Sai mu dawo kan jikinta ita kanta.

Suga. Awon yatsa na safe ɗaya ba ya gaya mana komai. Gwajin HbA1c muke so, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin kusan wata uku. A Birtaniya ba a son yin tiyatar da ba ta gaggawa ba idan ya kai kashi 8.5, likitocin wannan fanni da yawa kuma sun fi son ya sauko kusa da 7. Ki sani cewa maganin da ake haɗawa da kemo don hana amai, irin su deksametason, yana ɗaga suga, saboda haka mai yiwuwa nata ya fi yadda kuka saba gani. Haka kuma ƙarancin jini, ƙarin jini na kwanan nan, da ciwon sikila suna iya sa wannan gwaji ya ba da amsar da ba daidai ba. Idan akwai ɗaya daga cikinsu a faɗa wa likita, ya haɗa da awon yau da kullum. Suga mai yawa yana raunana ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, yana hana bakin rauni kamawa. Cire ciwon ba zai jira wata uku ana gyaran suga ba, amma sake ginawa zai iya jira. Wannan kaɗai dalili ne na raba aikin biyu.

Nauyi. Ba ki faɗi tsawonta ba. Idan mun ɗauka mita 1.6 ne, kilo 90 zai ba da ma'aunin BMI, wato awon nauyi gwargwadon tsawo, na 35. Daga 30 matsalolin rauni suke fara ƙaruwa, kuma suna hawa ne tare da nauyin, a roba da naman jiki duka. Kitse mai kauri jininsa kaɗan ne, ruwa ya fi taruwa, ɗinki ya fi jan jiki. Babban mama ma yana nufin doguwar fatar da za a bari bayan an kwashe abin da ke ciki, kuma ƙarshen wannan fata shi ne ya fi nisa da jini, shi ke fara yin baƙi. Ba na cewa ta shiga rage cin abinci a tsakiyar kemo, wannan kuskure ne, jikinta na buƙatar nama da ƙwai da wake da kifi don ya warke. Bayan an gama gashi akwai lokacin rage kilo biyar zuwa goma a natse, tare da mai ba da shawarar abinci.

Maganar taba kan sa mata dariya ko ɓacin rai idan na yi ta, amma dole in yi. Nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin da fatar ƙirji ke rayuwa a kansu, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe fata bayan cire mama. Shisha tana ciki, tabar hanci da ta baki suna ciki, haka zama a ɗaki ɗaya da mai busawa. Ana son a daina aƙalla mako huɗu kafin aiki da mako huɗu bayansa. Idan maigida yana sha, ya fita waje da tabar.

Akwai kuma abubuwan da ba a cika tambaya a asibitin waje ba, domin ba su san da su ba, mu kuma mun san suna nan. Man bilicin da yawa yana ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi. Wanda aka daɗe ana shafawa yana sa fata ta yi siriri, ɗinki ya riƙa yaga ta, rauni ya ƙi rufewa, har yakan danne wata halitta da ke saman ƙoda wadda ke taimakon jiki ya jure wahalar tiyata. Haka ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwa. Haka jiƙe-jiƙe da garin magani da 'yan'uwa ke kawowa saboda ƙauna. Asfirin da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak suna sa zubar jini. Ba zargi nake yi ba, Malama. Ki tattara duk abin da take sha ko shafawa a leda ɗaya, na asibiti da na gida, ki ajiye a gaban likitan tiyata da likitan sa barci. Ba za su yi faɗa ba, kuma abin da suka sani suna iya shirya masa.

Daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda kan ɓalle ya tafi huhu, shi ne matsalar da ke iya kisa, ko da yake bai cika faruwa ba. Sankara, ƙiba, doguwar tiyata, da doguwar tafiya a jirgi duk suna ƙara shi, kuma Yaya za ta haɗa su duka idan aka yi babban aiki a waje. Akwai ma'aunin Caprini da ake cikewa don a san wa za a yi wa allurar tsinka jini da tsawon kwanakin da za a yi. Idan daga baya aka ɗora ta a kan tamoksifen, ƙwayar da ake ba wasu mata don rage dawowar sankarar mama, a faɗa wa likitan da zai yi dashen, domin shi ma yana ƙara daskarewar jini, kuma wasu likitoci kan dakatar da shi na makonni kafin aiki bayan sun yi shawara da likitan sankara. Kada ta dakatar da kanta.

Tiyatar haihuwa ba ta cika hana a ɗebo naman ciki ba, in dai yankan kwance ne a ƙasan mara. Yankan tsaye daga cibiya zuwa ƙasa ya fi kawo cikas, domin jini ba ya tsallaka tabon da kyau. Hoton CT na jijiyoyin ciki ne ke raba gardama kafin a shiga. Shekara 46 kuwa ba matsala ba ce ko kaɗan. Sai tabo: fatarmu ta fi saurin yin tabon nan mai tsiro da kauri da ƙaiƙayi, kuma tsakiyar ƙirji da kafaɗa na cikin wuraren da ya fi so. A duba hujin kunnenta da tabon haihuwar. Idan sun kwanta lafiya, alama ce mai kyau.

Za ki iya jin an ambaci na'urorin lissafi na intanet, kamar na Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka, inda ake shigar da shekaru da nauyi da cututtuka su fitar da kashi. Suna da amfani wajen buɗe magana. Amma an gina su ne da bayanan marasa lafiyar Amurka, kuma wancan na kwalejin kwana 30 na farko kawai yake ƙirgawa, alhali yawancin wahalar roba, musamman bayan gashi, daga baya take zuwa. Babu kuma wanda a cikinsu ke tambayar nisan gidanku da asibiti.

Wannan nisa da kuma hannun da zai yi aikin su ne kashi na uku na lissafin, bayan gashi da yanayin jikinta, kuma mutane sun fi mantawa da su.

A aikin DIEP ana yanke fata da kitse daga ciki gaba ɗaya tare da jijiyoyinsu, a kai ƙirji, a ɗinke jijiyar da faɗinta bai wuce milimita biyu zuwa uku ba a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da ya fi gashin kai siranta. A cibiyoyin da suka saba, naman da ke mutuwa gaba ɗaya bai wuce ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. Amma wannan nasara ba a ɗakin tiyata kaɗai ake samunta ba. Idan jijiya za ta toshe, yawanci cikin kwana biyu zuwa uku na farko ne, kuma awanni kaɗan ake da su a ceto naman. Shi ya sa ma'aikaciyar jinya ke zuwa kowace awa, har ƙarfe uku na dare. Ta ɗaga mayafi, ta sa bayan hannu ta ji ɗumi, ta danna ta ji ko ya yi tauri, ta ɗora ɗan abin sauraro a daidai inda aka yi alama da ɗinki ɗaya, ta jira ta ji bugun jini yana fita fuu, fuu. A farar fata canjin launi yana bayyana nan da nan. A fatarmu ba haka ba ne, nama na iya cikewa da jini ya fara shaƙewa ido bai gani ba. Sai a ɗan soka siririyar allura a gefe. Idan jini ja mai haske ya fito a hankali, lafiya. Idan baƙi ne ya bulbulo da sauri, jijiyar da ke mayar da jini ta toshe, a tashi likita. Idan babu abin da ya fito, wadda ke kawowa ce. Asibitin da ba shi da wanda ya san wannan, ko ba zai iya buɗe ɗakin tiyata cikin awa ɗaya da tsakar dare ba, bai kamata ya yi wannan aiki ba, komai ƙwarewar likitan da ya zo ziyara.

Don haka ki tambayi likitan kai tsaye, cikin ladabi amma ba tare da jin nauyi ba: irin wannan aiki guda nawa yake yi a shekara, nawa ne suka rushe a hannunsa, wa ke duba ta da dare, kuma idan aka koma ɗakin tiyata wa zai biya. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce bai taɓa samun matsala ba, ko dai bai yi aikin da yawa ba, ko marasa lafiyarsa wani wuri suke kai matsalar.

Maganar zuwa waje kuma, ban hana ba, akwai ƙwararru a Masar da Indiya da sauran wurare. Abin da ke damuna shi ne dawowa. Robar zuƙe ruwa da ake bari a rauni kan kai mako ɗaya zuwa biyu, ba a cire ta sai abin da ke fita a yini ya sauko ƙasa da mililita 30. Kamuwar robar silikon da cuta kuma tana iya bayyana a mako na huɗu ko na shida, lokacin tana gida, likitan da ya yi aikin yana wata nahiya, na gida kuma bai san me aka sa ba. Idan za ku tafi, ku sami likitan tiyatar gyaran jiki a nan tun kafin tafiya wanda ya yarda zai karɓe ta. Ku dawo da cikakken rahoton aikin da na gwajin ƙarin. Idan an sa roba, ku karɓi katinta mai sunan kamfani da lamba.

Katin nan yana da dalili. Roba ba ta har abada ba ce, tana iya fashewa a ɓoye, shi ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ke ba da shawarar a ɗauki hoto bayan shekara biyar zuwa shida, sannan duk bayan shekara biyu zuwa uku. Akwai kuma wata sankara ta ƙwayoyin garkuwar jiki da ba ta cika faruwa ba, wadda aka fi alaƙanta ta da roba mai kaushin baya. Saboda ita ne kamfanin Allergan ya janye robobinsa na Biocell daga kasuwa a 2019. Alamarta mama ya kumbura da ruwa shekaru bayan aiki, kuma tana warkuwa idan an gano da wuri. Mace mai shekara 46 da ta zaɓi roba ta sa a ranta cewa da wuya ta ƙare rayuwa ba a sake taɓa wurin ba.

Akwai hanya ta uku da ba a ambata muku ba, kuma ina ganin ta dace da yanayinmu fiye da yadda ake ba ta daraja. Ana iya juyo tsoka da fatar gadon baya zuwa ƙirji ta ƙarƙashin hammata ba tare da an yanke jijiyarta ba. Ba ta buƙatar ɗinki a ƙarƙashin madubi, da wuya ta mutu, tana kawo lafiyayyen nama inda gashi ya taɓa, kuma likitocin gyaran jiki a asibitocin koyarwarmu sun san ta. Aibinta shi ne ruwa na yawan taruwa a baya, kafaɗa kan yi rauni na wani lokaci, kuma girman da take bayarwa ba lallai ya kai na ɗaya maman ba, sai dai a rage wancan ko a ƙara da kitse. Yawanci ana jira aƙalla wata shida bayan gashi kafin a yi ko wanne daga cikinsu, har fata ta huce. Wasu cibiyoyi kan yi dashen naman jiki a ranar cirewa sannan a gasa shi, kuma alƙaluman da na kawo sun nuna hakan na yiwuwa. Amma ga mai suga da wannan nauyi, haɗa manyan raunuka biyu a gaban gashin da ba ya son jinkiri bai kwanta mini ba.

Na ji abin da kika ce, ba ta son ta farka ta ga ƙirjinta a shafe. Wannan ba son kwalliya ba ne, kuma kada kowa a gida ya ce mata ai rai ake nema, ta bar zancen. Mace ce, jikinta ne, tana da haƙƙin ta damu. Abin da za a gaya mata shi ne jinkiri ba hani ba ne, ana sake gina mama bayan shekara ɗaya, ana yi bayan shekara goma. A tsakani akwai mama na sawa a cikin rigar mama, mai laushi na farko sannan mai nauyi idan rauni ya warke, wanda a ƙarƙashin atamfa da mayafi ba mai ganewa. Ta roƙi likitan da zai cire ya yi ɗinki shimfiɗaɗɗe mai tsabta, kuma ya yi magana da likitan gyaran jiki tun yanzu don a tsara inda yankan zai bi. Wasu matan bayan shekara sukan ce sun gamsu haka, ba sa son wani aiki. Wannan ma zaɓi ne cikakke. Ta kuma san cewa maman da aka gina siffa yake bayarwa, ba ya kawo ruwan nono, kuma yawanci ba ya ji kamar na da. Saboda rashin jin nan ana samun ƙuna mai tsanani ba a sani ba, don haka ba gasa wurin da ruwan zafi, ba jingina da tukunya ko kusantar garwashi, ba kasko na turare a ƙarƙashin zane.

Ko wace hanya aka bi, akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Mama ko ƙirji ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, fata ta yi baƙi ko sanyi, ruwa mai wari ko mugunya daga ɗinki, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ƙafa ɗaya ta kumbura, numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya soke. Jan da littattafai ke cewa a duba ba ya fitowa sosai a baƙar fata, don haka a dogara da zafi a taɓi, sheƙi, da kumburi, a kwatanta da ɗaya gefen. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a makonnin bayan tiyata kuma kada a ce maleriya ce a sayo magani a kemis. A yi gwajin maleriyar, amma likitan tiyata ya buɗe raunin ya gani a ranar.

Kafin zamanku na gaba da likita, ku nemi sakamakon HbA1c, awon yawan jini, nau'in jininta na sikila idan ba a sani ba, da amsa a rubuce daga likitan sankara kan ko gashi ya tabbata da lokacin da ake son farawa. Ki shiga tare da ita da takarda da biro, domin mai ciwo ba ta riƙe rabin abin da aka faɗa. Allah Ya sa a yi a sa'a, Ya tashi kafaɗunta.